Masu Farautar Tsuntsu Da Kyamara A Bakin Tekun Gana

  

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma renon jariri ba. Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da tambaya, muka ga tambayar ta cancanci a ba ta fili guda. Ta ce ɗanta yana karatu a Akra ta ƙasar Gana, wato garin da iyayenmu ke kira Ankara, yana zaune wajen dangin mahaifinsa a Nima. Ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi kyamara. Yanzu da an samu hutu sai ya rataya jaka ya kama hanyar bakin teku, ya yini yana tafiya a ƙasa, ya dawo ya turo mata hotuna ta waya. Ba hoton mutane ba fa, hoton tsuntsaye da ƙaguwa da sawun wata dabba a kan yashi. Ta ce don Allah a gaya mata, wannan aikin mai hankali ne? Kuma babu hatsari a ciki?

To 'yar uwa, aikin mai hankali ne, har ma da amfani. Hatsari kuwa akwai shi, ba zan ɓoye miki ba, za mu zo kansa. Amma bari mu fara sanin wurin da yaron nan ke zuwa, don da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba, sai waɗanda Allah ya kai Makka suka hango shi a Jidda.

Ƙasar Gana tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 550. Idan aka bar Akra aka yi gabas kamar kilomita 100, za a isa wani gari mai suna Ada, inda kogin Bolta ke zuba a cikin tekun Atlantika. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da masu wannan sha'awa suka fi zuwa. Ki ɗauka kina tafiya a kan wani dogon tudun yashi, kin nufi yamma. A hagunki teku ne yana ruri dare da rana, ba ya hutawa. A damanki itatuwan kwakwa ne da ƙauyukan masunta, bayansu kuma wani makeken tafki na ruwan gishiri da ake kira Songo, marar zurfi, inda matan yankin ke kwasar gishiri da rani tun kaka da kakanni. A 1992 aka sa tafkin nan cikin jerin dausayin duniya da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Jerin nan ne dai tafkin Nguru na jihar Yobe ya shiga a shekarar 2000. Dalilin duka biyun ɗaya ne: tsuntsaye.

Kun san yadda shamuwa ke zuwa mana da farkon damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka, ta yi 'ya'ya, da kaka ta ɓace. To a bakin tekun Gana ma akwai irin waɗannan baƙi, sai dai su daga arewacin duniya suke zuwa, suna gudun sanyi. Sukan fara sauka daga wajen Agusta da Satumba, su zauna har Maris ko Afrilu. Su ne yaron nan ke bi.

Abu na farko da mai wannan harka ke koya ba kyamara ba ne, lokacin teku ne. Teku ba kamar tafki yake ba da zai tsaya wuri ɗaya. Sau biyu a yini da kwana yakan cika ya hauro kan yashi, sau biyu kuma yakan janye. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Wata ne ke jan ruwan, da ikon Allah, rana kuma tana taimaka masa. Shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lokacin da wata da rana da duniya suka yi layi ɗaya. Kin ga ke da kike ƙirga kwanan wata don azumin nafila, kina zaune a ɗakinki a Zariya ko Maraɗi, za ki iya sanin ranar da teku zai yi babbar cika a Ada. A gaɓar Gana bambancin cika da janyewa bai da yawa, kamar mita ɗaya ne ko ya ɗara, amma a kan shimfiɗaɗɗen yashi mita ɗaya tana cinye fili mai faɗi.

Me ya haɗa wannan da hoto? Abinci. Idan ruwa ya janye sai ya bar jiƙaƙƙen yashi da taɓo cike da tsutsotsi da ƙananan kawa, tsuntsaye su bazu suna kiwo can nesa. Idan ya fara dawowa sai ya riƙa koro su a hankali zuwa tudu. Wanda ya san aikinsa ba ya bin tsuntsu. Yakan zo tun ruwa bai juyo ba, ya sami wuri a sama da inda cikar jiya ta tsaya, ya zauna ko ya kwanta rub da ciki, ya bar teku ya kawo masa su. Wanda bai sani ba shi ne za ki gani yana sanɗa yana bin su, suna tashi suna sauka gaba, har rana ta take bai samu komai ba sai hoton wutsiya.

Sai haske. Kyamara ido ce, tana da tagar da haske ke shiga, tana da fatar ido mai buɗewa ta rufe. Hoto ba komai ba ne illa abin da ta gani a cikin ƙiftawa ɗaya. Idan ƙiftawar ta yi jinkiri, abin da ke motsi sai ya fito a goge, kamar an ja hannu a kan ɗanyen lalle. Tsuntsun da ke shawagi yana buƙatar ƙiftawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Amma ƙiftawa mai sauri haka haske kaɗan take bari ya shiga, don haka dole a sami wadataccen haske. Sai mutum ya zaci to ai tsakar rana ta fi. A'a. Da tsakar rana farin yashi da ruwa suna ƙyalli, farin tsuntsu ya fito kamar an watsa madara, ba gashi ba ido, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin. Lokaci mai kyau shi ne awa ɗaya ko biyu bayan fitowar rana, da kuma la'asar sakaliya. A can rana kan fito wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, saboda kusancinsu da tsakiyar duniya. Wato mai ɗaukar hoton kirki daga sallar asuba yake kama hanya. Rana kuma a bayansa yake sa ta, ta haska fuskar abin da yake ɗauka. Tun da gaɓar Gana kudu take kallo, da safe ya fi kyau ya nufi yamma, da yamma ya juyo gabas. Idan hazon hunturu ya sauko musu a Disamba da Janairu, hasken yakan yi laushi, amma abin da ke nesa sai ya dusashe.

Kayan aikin ba sai na ja ku da nisa ba. Akwai dogon gilashi da ake ɗaura wa kyamara a gaba, mai jawo nesa kusa, galibi mai milimita 300 ko 400, kuma sau da yawa ya fi ita kanta kyamarar tsada. Akwai matokari mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai don kada hannu ya yi rawa, kamar dai yadda tukunya ke zama daram a kan duwatsun murhu. A da, lokacin fim, hoto 36 ne a naɗi ɗaya, sai an kai wanki kafin a ga abin da aka samu, don haka mutum sai ya yi tunani kafin ya danna. Yanzu yaro zai ɗauki 500 a safiya ɗaya ya goge 490. Ni dai a ganina wannan sauƙin ya rage wa wasu natsuwa, suna dannawa ba sa kallo.

Bari in ba ku labarin wata 'yar tsuntsuwa, don a ga inda amfanin yake. Turawa na kiranta sandalin. Fara-fara ce, bayanta toka-toka, baki da ƙafafu baƙaƙe, ba ta kai kurciya girma ba. Nauyinta kamar na ƙwan kaza ɗaya ne, giram 50 zuwa 60. Idan igiyar ruwa ta koma sai ta bi ta a guje tana caccakar yashi, idan ta dawo sai ta juyo a guje, haka za ta yini kamar yarinya mai wasan tsere. A can ƙuryar arewa take ƙwai, irin su tsibirin Girinlan inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara. Masana sukan kama wasu daga cikinsu su sa musu ƙananan zobba masu launi a ƙafa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowace da irin jerin nata, yadda za a gane ta daga nesa ba sai an sake kama ta ba.

Ran 11 ga Agusta 2009 wani mai kallon tsuntsaye ya ɗauki hoton ɗaya daga cikinsu a kudancin ƙasar Norwe, zobbanta sun fito sarai. Ran 16 ga wannan watan sai ga ta a bakin tekun Esiyama, can yammacin Gana, ɗaya ƙarshen ƙasar ke nan daga Ada, wani ɗan ƙasar mai sa ido ya gane ta. Tafiyar kilomita 6,000 a cikin kwana biyar. Kamar a ce daga Kano zuwa Ikko sau shida. Subhanallahi. Kafin su tashi irin wannan tafiya sukan ci su tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne man tafiyarsu. Da ba a ɗauki hoton nan ba, da ba a rubuta ranar da aka ɗauka ba, wa zai san wannan? Hoton da ke da rana da wuri shaida ne. Shi ya sa yanzu akwai rumbuna a intanet, irin su eBird da aka buɗe a 2002, inda kowa zai iya zuba abin da ya gani, ɗalibi ne ko tela, masana kuma su ɗebo su yi nazari.

Wannan labarin kuma shi ke nuna dalilin da ya sa ba a korar su. Tsuntsuwar da ta sauka bayan irin wannan tafiya ta ƙone kitsenta tas, abin da take bukata ta ci ta huta. Duk sanda wani ya matso ya tashe ta don ya sami hotonta tana shawagi, ya sa ta kashe ƙarfin da ba ta da shi. Alamar a fili take: idan tsuntsu ya daina kiwo, ya ɗaga kai ya miƙe wuya yana kallonka, to ka yi kusa, tsaya nan ko ka ja baya. Kaya ma ba a sa masu ƙyalli, sai launin ƙasa. Ba a nufar tsuntsu kai tsaye, ba a tsaya masa a kai. Idan aka kwanta aka daidaita kyamara da idonsa, hoton ya fi kyau, shi ma ya fi sakin jiki. Wato a wannan harkar, abin da ya fi wa dabba sauƙi shi ne kuma yake ba da hoto mai kyau.

Akwai wata macen da ya kamata mu san sunanta a nan, Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta Jami'ar Gana. A shekarun baya yaran masunta kan ɗana tarko a kan yashi, su sa ɗan kifi, su kama wasu fararen tsuntsayen teku masu wutsiya kamar almakashi. Wasa ne a wajensu, kamar yadda namu ke harbin gwara da danƙo. Ashe wani jinsi daga cikinsu, mai ɗan ja-ja a ƙirji, wanda ke ƙwai a tsibiran Ailan da Birtaniya, yana ta raguwa, kuma a gaɓar Gana yake cin rani. A 1985 aka fara wani shiri na ceton tsuntsayen gaɓar teku a ƙasar, ita ta jagorance shi. Suka yi ta ƙirga tsuntsaye tafki bayan tafki, suka shiga makarantu suka kafa ƙungiyoyin yara. Ƙidayar nan tana cikin abin da ya sa aka kare tafkuna biyar na gaɓar ƙasar a 1992, har da Songo ɗin da na ambata. Mace ce fa, da littafin rubutu da madubin hangen nesa.

Yanzu sawun da yaron ya turo wa mahaifiyarsa. Idan mutum ya fita da sassafe tsakanin wajen Oktoba da Fabrairu a yashin Ada, zai iya cin karo da wani sawu mai faɗi, kamar tarakta ta fito daga cikin teku ta hau tudu ta koma. Kunkurun teku ne ya fito da dare. Iri uku ne ke ƙwai a gaɓar Gana. Wanda ya fi yawa ƙarami ne, kilo 40 ko kusa da haka. Babban cikinsu kuwa ba shi da ƙoƙon baya mai tauri irin na kunkurun da muka sani, fata ce mai kauri da layuka a tsaye, tsawonsa kan kusa mita biyu, nauyinsa kilo 300 zuwa 500.  Namijin ba ya taka ƙasa tun daga ranar da ya shiga ruwa. Macen ce kaɗai ke fitowa, ita ma don ƙwai.

Ku ji yadda take yi. Cikin duhu za ta jawo jikinta da ƙyar zuwa inda ruwa ba ya kaiwa. Ta share wuri da hannuwan gaba, sannan ta haƙa rami da ƙafafun baya, a hankali, tana ɗebo yashi kamar da ludayi. Ta zuba ƙwai kamar 80 zuwa 100, farare masu taushin ɓawo. Ta rufe, ta daddaɓe, ta watsa yashi ko'ina don ɓatar da sawu, ta koma ruwa. Ba za ta sake ganinsu ba. Za ka ga hawaye na zuba daga idonta, mutane su ce naƙuda ce ta sa ta kuka, alhali gishirin da ya yi mata yawa a jiki ne take fitarwa ta nan. Zafin yashi ne ke ƙyanƙyashe ƙwan a cikin kamar wata biyu, kuma zafin nan ne ke sa ya zama mace ko namiji: idan ya haura wajen digiri 29 mata sun fi yawa, idan ya yi ƙasa maza.

To a nan ne mai kyamara zai iya yin ɓarnar da bai yi niyya ba. Uwar nan kafin ta fara zuba ƙwai tana da tsoro ƙwarai. Fitila ko walƙiyar kyamara ko hayaniya sai ta juya ta koma teku ba ta yi ba. 'Ya'yan kuma abin ya fi muni. Da dare suke fasowa daga rami, kowanne bai cika tafin hannu ba, kuma babu wanda ya nuna musu hanya. Abin da Allah ya sa musu shi ne su nufi inda ya fi haske, wanda a bakin teku marar lantarki shi ne saman ruwa, inda taurari da wata ke ƙyalli. Idan wani ya kunna fitilar waya ta ɓangaren tudu, sai su bi ta, su bar teku a baya. Gari na wayewa rana ta busar da su, ko hankaka da shirwa da ƙaguwa da karnuka su tsince su. Ko ba wannan ma, masana na kiyasin cewa a cikin 1,000 da ƙyar ɗaya ke kaiwa girma. Ina dalilin ƙara musu wahala saboda hoto ɗaya?

Don haka ƙa'idar ita ce ba a zuwa kallon kunkuru sai da jami'an kula da namun daji na yankin. Ba walƙiya, ba farar fitila, sai ja mai rauni, ita ma sai uwar ta fara zuba ƙwai, kuma ta bayanta ake tsayawa. Ba a hawa bayanta, ba a ɗaukar 'ya'yan a kai su ruwa don a yi hoto da su a hannu. Dokar Gana ta hana kamawa ko kashe su ko kwasar ƙwansu tun 1971. Wani abin da yaranmu ba su cika lura da shi ba: waya takan liƙa wa hoto bayanin daidai wurin da aka ɗauke shi. Idan aka sa hoton ramin ƙwai a Facebook da sunan wurin, an yi wa masu haƙa jagora ke nan. Hoton sawu da safe, kamar wanda yaron nan ya ɗauka, ba ya cutar da kowa, kuma masu ƙidaya suna son sa.

Babban kunkurun nan wata halitta yake ci mai kama da farin kunu a cikin leda, tana yawo a ruwa. Shi ya sa idan ya ga ledar ruwa ko baƙar leda tana lilo sai ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Leda kuwa a bakin tekun Akra ba a magana.

Mu zo kan hatsari, don na san shi ne ya hana uwar nan barci. Ba kifi mai cin mutum ba ne abin tsoro, ruwan ne da kansa. Tekun wannan yanki yana da ƙarfi, yashin kuma yana gangarawa da sauri. Ruwan da igiyoyi suka turo tudu dole ya koma, sai ya haɗu wuri ɗaya ya yi wata siririyar hanya mai gudu zuwa cikin teku. Abin yaudarar shi ne wurin nan ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, ba kumfa, ba fashewar igiya, sai ɗan duhu. Baƙo sai ya ce bari in shiga nan. Ko gwanin iyo ba ya iya yin gaba da shi. Wanda ya faɗa ciki kada ya nufi tudu kai tsaye, ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Yaron da ya koyi iyo a kududdufin unguwa ko a Tiga, ya sani wannan wani abu ne daban. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Shi mai kyamara ma hatsarinsa ya fi, don idonsa na cikin gilashi, hankalinsa na kan tsuntsu. Igiyoyi ba girmansu ɗaya ba, bayan ƙanana da yawa sai babba ta zo ta wuce inda sauran suka tsaya. Wasu likitoci a Indiya sun bi labaran jaridun duniya daga Oktoba 2011 zuwa Nuwamba 2017, suka ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar kansu hoto da waya, kuma nutsewa a ruwa ce ta fi kashe su. Mafi yawansu samari ne. Saboda haka uwa, ba sai kin hana shi ba, amma ki kafa masa sharaɗi. Kada ya juya wa teku baya. Kada ya hau jiƙaƙƙen dutse, don jiƙewar na nufin igiya na kaiwa nan. Kada ya tsallaka bakin tafki ko bakin kogi a ƙafa, musamman inda Bolta ke haɗuwa da teku. Ya san lokacin cika kafin ya fita, ya tafi da aboki, ya gaya wa na gida inda ya nufa da sa'ar dawowa, ya ɗauki ruwan sha da hula. Ya kuma gai da masunta ya tambaye su, su ne malaman wurin. A garuruwa da yawa na gaɓar Gana ba a fita su ranar Talata, al'adarsu ce, to ranar masu kwalekwalen da za su kawo ɗauki ba su da yawa a ruwa.

Kyamarar ma tana da nata abokan gaba, gishiri da yashi. Iskar teku tana ɗauke da laimar gishiri mai cin ƙarfe. Ba a canza gilashi a fili cikin iska, ba a goge shi da bakin riga, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi. Ana hure ƙurar tukuna, sannan a goge da tattausan ƙyalle.

Akwai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ku za ku fi kowa gane ta. A hanyar nan ana wuce matan masunta suna banda kifi, da masu kwasar gishiri, wata da goyo, wata zani ɗaya a ƙirji saboda zafi. Sai ka ga baƙo ya ɗaga kyamara kamar ya ga zalɓe. Wannan rashin ta ido ne. Mace a wajen neman abincinta ba tsuntsuwa ba ce. A yi sallama, a nemi izini, in ta ce a'a shi ke nan. Yadda ba za mu so wani ya leƙo ta katanga ya ɗauke mu muna daka ba, haka ita ma. Batun hukuncin hoto a addini kuwa, malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani a tsakaninsu, kowa ta tambayi malamin da ta amince da shi.

Ba dabbobi kaɗai hoto ke yi wa shaida ba. Idan aka haye kogin Bolta daga Ada aka ci gaba gabas, akwai garin Keta. Teku ya daɗe yana cin garin nan, kuma abin ya ƙaru bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, don yashin da kogi ke kawowa yana cike gaɓa ya ragu. Wata ganuwa da Turawan Danmak suka gina a 1784, inda aka riƙa tsare bayi, ruwa ya rushe babban ɓangarenta a 1980. A Nuwamba 2021 ma teku ya yi ambaliya ya raba dubban mutanen yankin da gidajensu. Tsofaffin hotunan da mutane suka ɗauka don sha'awa, na titi da kasuwa da gidaje, yau su ne ke nuna inda gari yake a da.

Wata za ta ce to mu da ke cikin gida, ina ruwanmu da wannan? Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Tsakar gidanki ma akwai abin ɗauka, kuma dabarar ɗaya ce da ta bakin teku: ki san lokacin zuwansu, ki zauna, su zo su same ki. Ki sami kasko marar zurfi ki zuba ruwa, ki ajiye a inuwar darbejiya ko gwaiba, nesa da inda kyanwa ke laɓewa. Ki watsa ɗan tsaki ko gero a gefe. Kullum a canza ruwan, kada mu yi kiwon sauro. Kwana uku ko huɗu za su saba, musamman da bazara lokacin da ruwa ke wuya. Kurciya za ta zo, gwara za su zo, wata rana kanari, ga ƙadangare mai jan kai yana jinjina a kan katanga.

Ki goge idon wayar tukuna, don maiƙon hannu ne ke sa hotunanmu fitowa kamar cikin hazo. Ki jingina ta da turmi ko ki ɗora a kan kujerar tsugunno, daidai tsayin kaskon, rana ta kasance a bayanki. Kada ki ja hoton da yatsu don ya matso, a yawancin wayoyi wannan faɗaɗa shi kawai yake yi ya farfashe. Gara ki matso da kaskon kusa da ƙofar ɗaki kaɗan-kaɗan, kullum taki ɗaya, ke kuma kina bayan labule. Bayan an idar da asuba kafin yara su tashi, ko da la'asar kafin a ɗora tuwo, minti ashirin sun isa. Ki taɓa fuskar wayar daidai kan idon tsuntsun, in ido ya fito tar to hoto ya yi. Kafin ki tura wa kowa ta WhatsApp, ki duba bayan hoton da kyau, kada abokiyar zama ko 'yar budurwa ta fito ba mayafi.

Idan kuma akwai bishiyar da shamuwa ke sauka a gidanku ko maƙwabta, ki sami bayan littafin makarantar yara ki rubuta ranar da kika fara ganinta bana, da ranar da ruwan farko ya sauka. Baɗi ki sake rubutawa a ƙarƙashinsa. Yaran da ke yawo da danƙo a aljihu, ki ba su aikin ƙirga sheƙa nawa ne a bishiyar, da 'ya'ya nawa suka tashi.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ta aiko ta hanyar da aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gai da maigida da yara. Wassalamu alaikum.